Mai Tsayuwa a Bayan Tsani

"Na faɗa miki, na faɗa masa, kar in sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan."

Yaya ne yake maganar, tsaye a tsakiyar falon Umma, yana kaɗa makullin mota. Tun da Abbanmu ya rasu ya ari muryar Abba yake magana da ita, ni kuwa har yau gani nake ta yi masa yawa.

Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafar Umma ina ninke kayan wanki. Ban ɗago ba.

"Auta, da ke nake."

"Ina jin ka, Yaya."

"Me kika ji?"

"Ka ce kar ya sake zuwa. Ai tun da ka faɗa masa bai zo ba. Mutum ne mai jin magana."

"Shi yana ji, ke ce ba kya ji."

Wanda ake wannan rigimar a kansa malamin firamare ne. Matarsa ta rasu ta bar masa yarinya ɗaya, wadda aka haifa da ƙafar hagu marar ƙarfi. Da takalmin ƙarfe take tafiya, ana ɗaure mata shi tun daga gwiwa har tafin ƙafa. Shekararta shida. Ubanta yana kiran ta Kyaftin saboda tun da bakinta ya buɗe umarni take bayarwa, shi ya sa ni ma nake kiran sa Abban Kyaftin.

Laifinsa a gidanmu guda ɗaya ne. Ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma, da ita ya zo. Da wani namijin ne, da ya bar ta a gida sai an saba, sannan ya sako zancenta a hankali. Shi kuwa riƙo hannunta ya yi suka shigo, ƙarfen yana buga tayil ɗin falo, ƙwas, ƙwas, har gaban Umma. Da na tambaye shi daga baya me ya sa, cewa ya yi, "Ba ni da abin da ya fi ta kyau. In ban zo da ita ba, da me zan zo?"

A ranar na gama yanke shawarata a kansa. A ranar su ma suka gama yanke tasu.

"Irin wannan lalurar a jini take bi," in ji Yaya. "Gobe ki haifo mana irinta, wa za ki yi wa kuka?"

"Likitocinta sun ce ba a jini take ba."

"Ga Likita nan na kawo miki har gida, kin ƙi ko ɗaga ido ki kalle shi."

"Wannan ai na haƙori ne, Yaya."

Umma ta yi gyaran murya, na haɗiye sauran.

Likita abokin Yaya ne tun suna makaranta. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne, ga tsafta, ga ladabi, turarensa yana riga shi shigowa ya kuma daɗe bayan ya fita. Matsalarsa kawai, in yana gaishe ka bakinka yake kallo. Ranar da ya fara zuwa wurina, kafin ya ce yana so na sai da ya ce min ina cije haƙora a barci. Har yau ban san yadda aka yi ya sani ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Da Yaya ya gaji ya fita, falon ya yi shiru sai ƙarar fanka. Umma ta ɗauki zanin da na riga na ninke, ta warware shi ta sake ninkewa. Na san akwai magana.

"Matso nan."

Na matsa.

"Ni ba ruwana da zancen jinin da yayanki yake yi. Allah ke bayarwa yadda Ya so. Kin san abin da nake guje miki?"

Na girgiza kai, ko da yake na sani.

"Lokacin da mahaifinku ya kwanta kina makaranta, ba ki ga rabin abin ba. Ni na ɗaga shi, ni na juya shi, ni na kai shi banɗaki na dawo da shi, shekara da shekaru. Ban taɓa ƙorafi ba, kuma da zai dawo da na sake. Amma bayan nan nawa da kike shafa wa magani kullum, a nan ya tafi." Ta ajiye zanin a cinyarta. "Na san nauyin mutum, Auta. Yau yarinya ce, da hannu ɗaya ake ɗaukar ta. Gobe budurwa ce. Ni a ƙarshen aurena na yi ɗauka, ke kuma da ita kike so ki fara naki."

"Umma, ba a ɗaukar Kyaftin."

"Kowa haka yake cewa kafin ya shiga."

"Wallahi ba a ɗaukar ta. Ita ce ma ba ta yarda."

"Yi min shiru." Ta share ido da gefen zanin. "Ban taɓa roƙon ki komai ba, yau na roƙe ki. Ki bar mutumin nan. In kin bi shi, to ki sani ba da yawuna ba."

Na kwantar da kaina a gwiwarta na yi kuka, ita ma ta yi, hannunta a kaina. Ban ce to ba, ban ce a'a ba. A gidanmu ba a ce wa Umma a'a. Ba a amsa mata daga wani ɗaki, ba a juya mata baya tana magana. Yaya da gemunsa da 'ya'yansa, in ta kira shi yana tuƙi sai ya gangara gefen titi ya tsaya kafin ya ɗauka.

Asabar da yamma ranar 'yan biyun Yaya ce. Ni ke kai su filin wasan yara na unguwarmu don uwarsu ta samu ta ji kunnenta. Yaya ya hana gida, bai hana filin wasa ba, filin kuwa na kowa ne. Ban taɓa ce wa Abban Kyaftin ya zo ba, bai taɓa ce min zai zo ba. A can muka fara haɗuwa, kuma babu wanda ya sauya ranarsa.

Filin ba wani babba ba ne. Shingen waya ne da ƙofar ƙarfe mai kuka, da yashin da ke bin mutum har gado. Akwai lilo a jere, ɗaya ya tsinke an naɗe sarƙarsa a sama tun bara. Akwai benci a ƙarƙashin bishiya inda iyaye ke zama suna danna waya, suna ce wa yara "na gani" ba tare da sun gani ba. A tsakiya kuma ga abin zamiya, dogon tsanin ƙarfe mai jan fenti da hannun yara ya goge, a hau ta baya a sulalo ta gaba.

Kyaftin ba ta taɓa sulalowa daga kansa ba. Ba don an rasa mai ɗora ta ba, ubanta da hannu ɗaya zai ajiye ta a sama. Ita ce ta ce ba ta so. Ta ce wanda aka ɗora bai hau ba.

Saboda haka ta kafa dokokinta. Abba ya tsaya a gaba, inda ake sauka. Anti, wato ni, in tsaya a bayan tsani, hannuwana a buɗe dab da bayanta, idona a kanta, amma ba taɓawa sai in ta ce "kama ni". Mutum ɗaya ba zai tsaya gaba da baya ba, shi ya sa sai ranar da nake nan take hawa. Kowane mako takan ƙara ɗan tsawo, hannuwanta su gaji, ta sauko da baya da kanta tana huci, ta ce tsanin ne ya ƙara tsawo.

'Yan biyu suna hango ta suka fizge hannunsu daga nawa. Kafin in rufe ƙofar filin ta riga ta sa su a layi, ɗaya yana tura ta a lilo, ɗaya yana jiran a ba shi izini.

Abban Kyaftin yana kan benci. Na zauna a ɗaya ƙarshen, jakata a tsakaninmu. Tun daga gaisuwarsa na san da wani abu.

"Yayanki ya kira ni jiya."

"Ya ce me?"

"Bai zage ni ba. Ya ce min Umma ba ta barci." Ya murza hularsa. "Auta, ni na san gidan da babu uwa, a cikinsa nake kwana. Ba zan zama sanadin da za ki rasa taki tana raye ba."

"Me kake so ka ce?"

"Yau ce ta ƙarshe. Zan nema mata wani filin. Ki yi haƙuri, na haƙura."

Na gyara zama.

"To ka kalle ni ka ce ba ka so na."

Ya kalli yashi.

"Ka faɗa mana. Kullum kana gaban allo kana magana, yau bakin ya mutu?"

"Kin san ba zan iya ba."

"Amma ka iya yanke min hukunci. Yaya ya yanke, don alherina. Umma ta yanke, don alherina. Kai ma ka shiga layi. Kowa ya san alherina sai ni." Hawayen da nake riƙewa suka ci amanata. "A wancan filin da za ka nema mata, wa zai tsaya mata a baya?"

Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa, kafaɗunsa suna motsi. Namiji ne da ya binne matarsa ya koyi kitso don 'yarsa, ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Raina ya ɓaci da shi, kuma ban taɓa son sa kamar a lokacin ba.

"Kun gama surutun?"

Kyaftin ce a gabanmu, hannu a ƙugu, kitson ubanta ya karkace gefe ɗaya kamar kullum.

"Kowa wurinsa. Yau zan kai."

Muka share fuska muka tashi. Shi ya zagaya gaba, ni na tsaya a baya. 'Yan biyu suka tare sauran yara a gefe, su ne 'yan sandanta.

Ta kama ƙarfen da hannu biyu. Takan fara ɗora ƙafar dama, ta ja jikinta da ƙarfin hannu, sannan ta karkata ƙugu ta wurgo ta hagun sama har takalmin ya zauna, ƙwas. Ta huta. Ta sake. Na ɗaga hannuwana ina bin bayanta, tsakanin tafina da rigarta bai fi faɗin yatsa ba.

Ta kai tsawon kafaɗata. Ta wuce kaina. Ta kai inda ta tsaya wancan makon, ta yi jim, sai na ga ta ɗaga ƙafar dama. Ta wuce.

A daidai nan na ji ƙofar filin ta yi kuka, na kuma ji ƙamshin turaren da na sani. 'Yan biyu suka ruga suna kiran Abbansu da Kakarsu.

Ban juya ba.

"Ashe gaskiya ne," muryar Yaya ta zo daga bayana. "Jiya na tarar da ɗana ya ɗaure cokula a ƙafa da igiyar takalmi yana jan ta a tsakar gida. Na ce mene ne wannan, ya ce shi Kyaftin ne. Da 'ya'yana kike fakewa, Auta? Shi ya sa na ɗauko Umma ta gani da idonta. Likita ma ya gani, kar ya ce ɓoye masa muka yi."

"Auta." Wannan Umma ce.

"Na'am, Umma."

"Juyo."

"Umma, ba zan iya juyowa yanzu ba."

Filin ya yi tsit. Har masu danna waya a benci suka ɗago.

"Me kika ce?"

"Yarinya tana kan tsani. Ki ba ni ɗan lokaci."

Ta tsakanin ƙarafan ina hango Abban Kyaftin a gaba. Ya cire hula ya ɗan rusuna daga inda yake.

"Barka da yamma, Umma. Ki gafarce ni, ba zan iya barin nan ba." Sannan ya rage murya. "Auta, je ki. Zan zagayo in sauko da ita."

"Babu mai sauko da ni," in ji Kyaftin daga sama, tana haki.

Na ji taku a yashi, Likita ya matso gefena yana naɗe hannun riga.

"Abin ai ba na rigima ba ne. Bari in ɗora ta sama kawai a huta, ba ta da nauyi."

"Malam," in ji Kyaftin ba tare da ta duba ƙasa ba, "ba a taɓawa."

Ya tsaya da hannu a iska. Ya kalle ta, ya kalle ni, a karon farko ba bakina ya kalla ba. Sai ya ja da baya.

"Afuwan, ranki ya daɗe," ya ce, kuma ba da wasa ya faɗa ba.

Ƙwas. Ta ƙara hawa. Yanzu sai na yi ɗage nake kai hannu kusa da ita. Kafaɗuna sun fara zafi.

"Kin gani, Umma," in ji Yaya. "Tun ba a je ko'ina ba ta fara ba ki ƙeya."

"Auta," Umma ta sake kira, muryarta a ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ban tsoro. "Ni na haife ki. Ina magana kina nuna min bayanki a gaban jama'a. In ba ki juyo kin kalle ni yanzu ba, to na san matsayina a wurinki."

Hawaye suka zubo min, ba hannun sharewa. Suna gangarowa har wuyana.

"Umma, duk duniya babu fuskar da nake son kallo kamar taki. Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama in mun koma gida, zan durƙusa in karɓa. Amma na ce mata ina bayanta. Ta hau ne don ta san ina nan."

"Ni kuma fa?"

"Umma, lokacin da kike riƙe da Abba tsakanin gado da kujera, da wani ya kira ki, za ki saki?"

Yaya ya fara cewa wani abu game da rashin kunya, ban ji ƙarshensa ba, don a lokacin ne takalmin ƙarfen ya zame.

Ya goge ƙarfen tsanin da wata ƙara mai tsinka zuciya. Ƙafar hagu ta faɗo tana reto, nauyinta ya fizgi ta damar ma ta kuɓuce. Kyaftin ta rage a rataye da hannuwanta biyu.

"Kama ta!" Umma ta yi ihu, na ji gudunta a yashi, matar da ke tashi daga kujera da dabara. "Kama ta mana!"

"A'a, Umma. Kar ki taɓa ta."

Haka ya fito, a gaban Yaya, a gaban Likita, a gaban duk unguwa. Tafina yana jin ɗumin bayan yarinyar, duk jikina yana ce min in damƙe ta. Na cije.

"Kyaftin, in kama?"

Ina ganin jijiyoyin ƙananan hannuwanta, ina jin numfashinta ta tsakanin haƙora.

"A'a."

"To ina nan. Nemo da ta dama."

Ƙafar dama ta lalubi iska, ta rasa, ta sake laluba. Ta samu. Ta tsaya a haka tana rawa. A gaba ubanta ya riƙe bakin zamiyar da hannu biyu, leɓɓansa suna motsi da addu'a, amma bai bar wurinsa ba. Ta karkata ƙugu ta wurgo ta hagun.

Ƙwas.

Wani yaro a layi ya ce, "Saura kaɗan." Wata mata a benci ta ce a rufe mata baki. Kyaftin ta ja, ta ɗora ciki a kan dandalin sama, ta jawo ƙafar da hannu, ta juya ta zauna.

Ba ta yi murna nan da nan ba. Ta gyara rigarta tukuna, ta dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan kamar mai duba gonarta.

"Ashe daga nan ana ganin saman motoci," ta ce. "Duk sun yi datti."

Filin ya ɗauki tafi, mai askirim na bakin ƙofa yana ta matsa hon ɗin kekensa. Ni kuwa ƙirjina ya cika har ya yi min ciwo. Ban haife ta ba, ban ɗora ta ba, ko yatsa ban sa mata ba, amma a ranar da za a ce in nuna abin da na taɓa yi a duniya, wannan zan nuna.

Na sauke hannuwana da ƙyar, sannan na juya.

Ban yi nisan juyawa ba. Umma tana dab da ni, kafaɗarta tana gogar tawa, mayafinta ya zame, takalminta ɗaya ya rage can baya a yashi. Hannuwanta biyu suna sama, a buɗe, daidai inda nawa suke. Ba ta taɓa ba.

Ta ga ina kallon su. Ta sauke su da sauri ta cusa cikin mayafi.

Ta gaba muka ji "Abba, shirya", sai sululu, sai dariyar Kyaftin, sai muryar ubanta yana kiran sunan Allah yana kuka ba kunya.

"Umma, mu tafi," in ji Yaya. "Kin gani ai. Ke kuma ki shige mota, ma yi maganar a gida."

Umma ba ta motsa ba. Ni take kallo, idanunta jajur.

"Kin ce min a'a."

"Na ce, Umma."

"A gaban mutane."

Na durƙusa a yashin. "Ki yafe min."

"Za ki sake?"

Na so in yi mata ƙarya, ita ce hanya mafi sauƙi. Na ɗago na kalle ta.

"In a kan wannan ne, zan sake."

Ta daɗe tana kallona. Likita ya ɗauko mata takalminta ya karkaɗe ya ajiye a gabanta, ya yi mana sallama a hankali ya nufi ƙofa. Ta saka takalmin, ta taka zuwa benci tana dafe da baya, mutane suka matsa mata ta zauna.

"Kwashi 'ya'yanka ka kai su gida," ta ce wa Yaya. "Ni da Auta a ƙafa za mu dawo."

"Umma, bayanki fa."

"Nawa ne ko naka?"

Ya kama hannun 'yan biyu, suna tafiya suna waiwayen Kyaftin suna sara mata.

"Malam," Umma ta kira. "Matso. Ka daina laɓewa a bayan yarinya."

Ya taho, Kyaftin tana biye da shi, ƙarfenta yana nutsewa a yashi. Ya durƙusa ɗan nesa da benci, hula a hannu, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa.

"An ce son 'yata kake. Ni ban taɓa ji daga bakinka ba."

Na san bai kamata in sa baki ba, amma zafin ɗazu bai huce min ba.

"Ai ya fasa, Umma. Kafin ku zo ya ce min ya haƙura, yau ce ta ƙarshe."

Umma ta juya gare shi a hankali.

"Haka ne?"

Ya kalle ni. Ya kalli 'yarsa, wadda ta riƙe ƙugu tana jiran amsa kamar kowa. Sannan ya ɗago ya kalli mahaifiyata ido cikin ido.

"Na faɗa, Umma. Ƙarya na yi. Ko zuwa ƙofar can ba zan iya kaiwa ba."

Umma ta ja dogon numfashi. Ta gyara mayafinta, ta ɗora hannu a kan gwiwa, zaman da takan yi in za ta daɗe.

"Ban ce na yarda ba," ta ce. "Fara daga farko, ina jin ka."